Monitar da Danladi Ya Kawo

Jama'a, wallahi ni abin nan ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. A Mubi ne, lokacin da muka fara dawowa bayan an ƙwato garin daga hannun 'yan ta'adda. Shagon buga takardu muke da shi ni da Danladi, aminina da muke cin abinci kwano ɗaya. Ranar gudu ina can garin Sorau, Danladi ke da babur, na kira shi na ce don Allah ya ɗauki yayana Sale, mai ciwon ƙafa, yana zaune a shagon. Daga baya ya rantse mini bai tarar da shi ba. Har yau ba mu ga Sale ba.

Gilashin laftof ɗina ya fashe a gudun, sai Danladi ya kawo monitar shagonmu, wai dama tana gidansa. Ina haɗa ta ta USB, laftof ya ɗau zafi kamar dutsen guga. Na busa fanka, na ɗora shi kan murafen kwalba ya sha iska, na canza waya, ina! Na kwashi kayan sai wajen mai gyara.

Ya ce, "Oga, USB ne yana ba inji wahala, hoto duka shi yana ɗauka."

Muka gwada monitarsa, sanyi ƙalau. Muka mayar da tawa, rana tsaka fa, fanka ta hau ihu, allo ya yi fari fat, sai ga ƙofar shagonmu a kan allon. Ga Danladi yana ɗaure wannan monitar a bayan babur da baƙar roba, Sale ya riƙe kujerar babur ɗin yana roƙonsa, Danladi ya ɓamɓare masa yatsu ya ja babur. Innalillahi! Laftof ya yi ƙauri ya mutu.

Mai gyara ya ce, "Wane fim ne wannan, oga?" Ya ƙara da cewa monita ba ta ajiye hoto.

Na kira Danladi na ce, "Da baƙar roba ka ɗaure ta." Sai ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba, mutumin da ya zauna kusa da ni yana karɓar jaje!

Monitar tana ɗakin ajiya, ba waya ba wuta, amma in ka taɓa bayanta da ɗumi. Ku dai ku san wanda za ku ba amanar rai ranar gudu.