Ƙwayoyin da Inna Hadijatu Ta Raba

Duk Runka an san Inna Hadijatu da abu biyu: karɓar haihuwa da rashin yarda. Shekara talatin tana yanke cibiya, amma ko gishiri ta aika a sayo sai ta ɗanɗana. Maganin asibiti kuwa, a ganinta duk na hana haihuwa ne aka sauya wa kwali.

Da kakar bara 'yan bindiga suka tare mata biyar suna roron gyaɗa, har da ita. A daji aka raba su, kowace da inda aka kai ta, sai washegari da la'asar aka sako su. Gari ya ɗauki murna, gidaje suka cika da 'yan barka da arziki. Sai dai Inna ta san mutanenta. Bakinsu na addu'a, idonsu na kan tafiyar kowace mace, ana son a gane wadda aka taɓa.

Da gari ya waye Ramlat, malamar asibiti, ta iso a babur daga Safana, ta ja Inna gefe. Ta ce akwai ƙwayoyin da ke tare ciwon sanyi da danginsa idan an yi wa mace fin ƙarfi, kuma an fi so a sha kafin kwana uku su cika. Mai buƙata ta zo ta same ta a keɓe. Inna ta juya kwalin, ta shinshina, ta sa Ramlat ta rantse cewa ba ya taɓa mahaifa. Sannan ta gaya mata cewa karatunta bai kai nan ba. Wace mace ce za ta tsallake 'yan barka ta zo karɓar wannan? Ai duk wadda ta taso ta yi wa kanta shela.

Cikin matan da aka kama, wadda ta fi tsaya wa Inna a rai Mahfuza ce, mai 'ya'ya uku, duk Inna ta karɓe su. Mijinta Ya'u ba mugu ba ne, amma tun dawowarta ya kafa tabarma a ƙofar ɗaki, yana lura da mai shiga da mai fita. Abinci ma sai ya leƙa kwanon. Inna ta tabbata idan ya ga ƙwaya a hannun matarsa ita kaɗai, auren ya mutu.

Sai ta tara matan a tsakar gidanta, a gaban maza da 'yan barka. Ta ce dukansu sun sha ruwan kududdufi a daji, don haka kowa za ta sha magani. Ita da ba ta taɓa haɗiyar ƙwayar Bature ba, ita ta fara, tana yamutsa fuska kamar an ba ta maɗaci.

Ya'u ya biyo ta har bakin rumbu.

"Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya. Maganin mine ne wannan?"

"Wanda na sha ne, ɗan nan. In zargi za ka yi, fara da ni."

Ya sunkuyar da kai ya fita. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ranar dai ya naɗe tabarmarsa.

Inna ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin matan abin da ya faru ba, ba ta kuma son sani. Amma da mutane suka watse, Mahfuza ta tsaya taya ta tattara kofuna. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Inna, kwana ukun nan da malama ta faɗa, daga ranar da aka kama mu ne, ko daga ranar da aka sako mu?"

Tausayi ya kama Inna har ta rasa inda za ta ajiye kofin hannunta.

"Ko daga wacce ne, kin sha a kan lokaci," in ji ta. "Jibi ki raka ni Safana wajen malama. In an tambaya, ƙafata ke ciwo."