Shekarar da Muka Kai Dada Bakin Teku

Shekarar da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, lokacin da arzikin man fetur ya fara hawa kan mutane, kusan kowa a unguwarmu a Gombe sai da ya yi abin da bai taɓa yi ba. Wani ya sayi babur, wani rediyo mai cin kaset. Maƙwabcinmu ya sayo firiji alhali ko wayar lantarki ba a ja masa ba, ya riƙa ajiye hulunansa a ciki. Mu kuwa, ni da maigidana, sai muka ce hutu za mu tafi.

Ni ina koyarwa a firamare, shi kuma akawu ne a wurin gurzar auduga. Wata abokiyar aikina 'yar Kaltungo ce ta cusa mana wannan ra'ayi. Ta taɓa raka mijinta Lome, a ƙasar Togo, tun da ta dawo kuwa ba ta da hira sai ta teku: iska, kwakwa, kifi, da yadda mutum zai wuni a kwance ba mai ce masa tashi. Wannan na ƙarshen shi ya fi shiga raina.

Sauran aiki shi ne gaya wa Dada, mahaifiyar maigidana, wadda muke gida ɗaya da ita. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo ni take ba, ko da yana durƙushe a gabanta, kuma sunansa a bakinta "wasu mutane". Ni kuwa Malama take ce mini.

Muka same ta tana tsinkar zogale, na yi mata bayani. Ta ce, "Wa ya rasu a can?"

Na ce, "Ba kowa, Dada."

"To haihuwa aka yi?"

"A'a, hutawa kawai za mu je mu yi."

Ta ajiye zogalen ta dube ni. "Hutun Gombe ƙarewa ya yi? Ga inuwar dalbejiya, ga tabarma. Wa ya hana ku?"

Maigidana ya fara ba bango labarin iskar teku da amfaninta ga lafiyar jiki. Dada ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Malama, gaya wa wasu mutane ba za a ɗauki 'yar mutane a kai ta inda ba dangin iya ba na baba ina zaune ba. Da ni za a."

Haka tafiyar mutum biyu ta zama ta uku. Aka yi mata takardun tafiya, ita kuma ta shiga haɗa guzuri kamar mai shirin ƙaura: dambun nama, dakuwa, kuka, yaji, kwalbar man shanu, ƙullin daddawa, ƙaramar tukunya, muciya, buta biyu. Na ce ai akwai abinci a can. Ta ce wanda ya dogara da tukunyar wani da yunwa yake kwana.

Jirgin ƙasa muka shiga daga tashar Gombe. Kafin mu kai Bauchi, Dada ta san kowa a taragonmu, ta san inda za shi da abin da zai kai shi. In an tambaye ta namu dalilin sai ta ce, "Yara ne za su je ganin ruwa," ta kau da kai. Kwana biyu muna tafe kafin mu isa Ikko, wato Legas, ƙafafuna suka kumbura, na fara tunanin ko gaskiyar Dada ce game da dalbejiya.

Daga Ikko muka shiga mota. A iyakar ƙasa ta biyu, wadda ake shiga Togo, wani ma'aikaci mai kaki ya ce a sauke kayanmu. Faransanci yake yi, ba wanda ke jin ko kalma a cikinmu, amma maigidana ya riƙa gyaɗa kai kamar ɗan gari. Mutumin ya buɗe wannan ya buɗe wancan, har ya zo kan ƙullin da Dada ta naɗe da tsumma uku. Ya dube mu da alamar ya kama ɓarayi. Ya kwance na farko, ya kwance na biyu, da ya kwance na uku ya kai hanci. Daddawar nan ta kwana uku cikin zafi. Sai ga bawan Allah ya ja da baya yana tari, yana kaɗa hannu mu wuce. Dada ta ɗaure kayanta a natse ta ce, "Allah sarki, bai san daɗi ba."

Da hantsi muka isa masaukinmu, wani ƙaramin gida mai ɗakuna a jere, tsakaninsa da ruwa titi ne kawai da itatuwan kwakwa. Muka ajiye kaya muka tsallaka.

Ni dai ban san lokacin da na kama hannun Dada ba. Babban ruwan da na taɓa gani shi ne kogin Dadin Kowa da damina. Wannan kuwa ba shi da ƙarshe, yana tasowa yana ruri yana zubewa a kan rairayi, ya koma ya sake dawowa. Dada ta daɗe tana kallo, bakinta yana motsi da tasbihi. Can ta ce, "Ina ɗaya gaɓar?"

Na ce ba a hango ta.

Ta duƙa ta ɗebo da tafin hannu ta kai baki, ta tofar. "Duk wannan ruwa, ba a sha, ba a ba shanu, ko albasa ba a shuka a bakinsa ba. Lallai Allah mai iko ne."

Da muka ɗan matsa gaba sai ga Turawa kwance reras a rana, maza da mata, daga su sai 'yan ƙyallaye, jikinsu ya yi ja kamar tattasai. Dada ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta raɗa mini, "Malama, waɗannan me suka yi aka shanya su?" Na ce su ma hutawa suke yi. Ta ce in dai wannan ne hutu, gara wahala. Ta nemi inuwar kwakwa mafi nisa da su ta shimfiɗa tabarmarta, ta ba su baya.

Maigidana yana da wani sirri tun daga Ikko: ya sayi gajeren wando na shiga ruwa, ja mai ratsin fari. Sai dai ta yaya zai sa shi a gaban mahaifiyarsa? Kwana biyu yana zaune da kaftani da hula yana kallon masu iyo kamar mai azumi a gidan biki. A rana ta uku ya ce zai ɗan taka. Ya yi nisa har ya zama ɗan mitsitsi, ya shige bayan wani kwalekwale ya tuɓe. Ina hango jan wandon nan yana nufar ruwa da ƙarfin hali. Shi fa duk iyonsa a kududdufin bayan gari ya koya yana yaro. Ya shiga zuwa gwiwa, ya juyo yana ɗaga mini hannu. Ai kuwa bai ga abin da ke tahowa a bayansa ba. Igiyar ruwa ta ɗauke shi cak, ta juya shi, sai ƙafafu na gani a sama, ta kawo shi ta ajiye a kan rairayi kamar wankin da aka yar. Wata ta biyo baya ta wuce har gindin kwalekwalen ta tafi da hularsa da takalmi ɗaya.

Na miƙe a tsorace, amma ganin ya tashi yana tofar da yashi sai dariya ta ƙwace mini. Ya dawo da jiƙaƙƙen kaftani, ba hula, yana ɗingishi da takalmi ɗaya. Dada ba ta ko ɗaga kai ba, tana ta jan carbi. Sai da ya zauna ta ce, "Malama, gaya wa wasu mutane na ga wani mai jan wando can, ruwa ya yi masa tarbiyya. In sun san shi, su yi masa sannu." Na ga kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin mayafi.

Ba a yi kwana huɗu ba Dada ta yi ƙawaye. Matan da ke jiran masunta su jawo taru da safe ne, ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, amma sai ka gan su suna ta hira da hannu suna shewa. Ta ba su dakuwa, suka ba ta kifi. Ta karɓi murhu a bayan masaukin ta kaɗa miyar kuka da ɗanyen kifin teku da man shanu, abin da ban taɓa ci ba, ban kuma sake ci ba. Na tashi zan kama mata aiki, ta daka mini tsawa.

"Koma ki kwanta. Ba abin da ya kawo ki ke nan ba? Nan ba gidana ba ne balle ki ji kunyata."

Na koma gindin kwakwa na kwanta. Tun da aka kai ni gidan miji ban taɓa kwanciya da rana ido biyu ba alhali wani yana aiki. Da farko jikina ya ƙi, ina ta jin kamar na bar wani abu a wuta. Daga baya iskar nan ta rinjaye ni. Ban farka ba sai la'asar, na tarar ta rufa mini zanenta a ƙafa saboda rana ta zagayo.

Ranar da za mu taso ta wanke kwalbar man shanun da ta ƙare, ta tattare zani ta shiga ruwa har idon sawu, ta cika ta. Ta ce in ba da shaida ba, mutanen Gombe za su ce ƙarya take.

Da muka dawo kuwa gidan ya cika da mata 'yan sannu da zuwa. Dada ta zauna a tsakiya tana ba da labari, ruwan yana ƙara girma kullum, Turawan suna ƙara ja. Kowa aka ɗiga masa ruwan teku a tafin hannu ya lasa ya yamutsa fuska. Wata tsohuwa da ta zo takanas daga Nasarawo ta shafa nata a gwiwa, bayan kwana biyu ta aiko cewa ta ji sauƙi, a ƙara mata. Kafin mako ya zagayo kwalbar ta ƙare, masu ciwon gwiwa kuwa ba su daina sallama ba. Dada ta kira ni gefe, ta ce in tambayi wasu mutane yaushe ne hutunsu na gaba, kuma wannan karon a nemo jarka.