Kwalin da Na Ƙi Saya wa Neville

Ranar Laraba, sha huɗu ga Agusta, da hantsi, Glenys ta kira ni a waya ta ce, "Merv, abokinka ya tafi." Mijinta take nufi, Neville Tregonning. Ya cika a gidansu da ke garin Bendigo yana da shekara saba'in da bakwai. Na ce mata, "To."

Neville, shekara arba'in muna zama a garejinka kowace Asabar, muna haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba. Duk ƙungiyarmu ta masu haɗa jiragen babu mai hannunka, babu mai haƙurinka. In sabon shiga ya zo da kwali mai sassa ɗari uku, sai ka karɓe ka ajiye, ka ɗauko masa mai talatin daga cikin naka, ka ce, "Gama wannan tukuna, ka ji daɗin ganin jirgi a tsaye." Ni ma haka ka yi mini. Da na dame gilashin jirgina na farko da gam, kwana biyu ka yi kana gogewa, kana yi mini tsiya wai da ƙafa na haɗa shi. Da matata ta rasu kuwa, ba ka cika ni da magana ba. Kujera ka jawo mini, ka miƙo mini buroshin fenti.

Jirgi ɗaya ne ba ka taɓa haɗawa ba, Kittyhawk, irin wanda mahaifinka ya yi wa kanikanci a garin Darwin lokacin yaƙin duniya. Kullum cewa kake sai hannunka ya ƙara faɗawa. Ana haka hannun ya fara rawa, sannan likita ya gano ciwo a huhunka, ya ce saura 'yan watanni.

A watan Mayu ka aike ni shago. Ka ce, "Samo mini Kittyhawk mai sauƙi, na 'yan koyo. So nake in gama shi da hannuna."

Na ce, "Kai da na 'yan koyo? Tsufa ya taɓa maka kai ne?"

Ka ce, "Ka dai sayo, sarkin taurin kai."

A shagon na tsaya gaban kanta, na ɗauki mai sassa talatin da biyu, na jujjuya shi, na mayar. Gani na yi in na kawo maka shi, na yarda ke nan ka ƙare. Sai na sayo babba, mai sassa fiye da ɗari uku, har da siraran wayoyin inji. Ka buɗe, ka daɗe kana kallo, ka ce, "Yana da kyau." Ba ka ce in mayar ba, don kada in ji kunya.

Kowane jirgi daga mazaunin matuƙi ake fara shi, kafin a haɗa gangar jiki. Wata uku ka yi a wurin. Glenys ta ce hantsaki yakan kuɓuce maka sau goma kafin ka ɗora abu ɗaya, ita ce mai rarrafe ƙarƙashin tebur tana neman abin da ya faɗi. Kujerar matuƙi kaɗai ka gama. Fukafukan suna nan cikin leda, ko buɗewa ba ka yi ba.

Bayan jana'iza na koma shagon na sayi ƙaramin. Na zauna a kujerarka, na haɗa shi tsakanin abincin rana da shayin yamma. Awa uku, Neville. Ko da rawar hannunka, mako guda ya ishe ka. Kai da ka zaɓa wa kowa abin da zai iya gamawa, sau ɗaya ka roƙi a yi maka haka, ni kuma na hana ka. Ban san inda zan kai wannan baƙin ciki ba, ba na kuma jin zai ragu.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sada ka da mahaifinka cikin salama. Allah ya ba Glenys da 'yarku Rhonda da jikokinka haƙurin wannan rashi. Glenys ta ce ta yafe mini, ta ce kai ma ba ka taɓa ambatar maganar ba. Na gode mata, amma daga bakinka nake so in ji.