Littattafan da Na Ba Mai Ƙosai

A Yasore, da an gama tuwo sai mu zagaye murhun kakata, Iya Dije. Wutar ba ta isa dafa ƙwai ɗaya ba, amma hayaƙinta, na rantse har Safana ana tari. Ni take fara tsokana: "Maigida, yau ma ba cefane? Zauna, mijin banza, tatsuniya dai ba a saye."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta garin da aka daina ajiye iri. Wani falke ya ce musu su bar wahalar cakuɗa wake da toka da liƙe bakin tulu da laka, shi zai riƙa kawo musu sabon iri duk ruwan fari. Suka dafe nasu, suka farfasa tuluna. Shekara uku yana zuwa. A ta huɗu rafi ya cinye hanya. Ruwa ya sauka, ga mutane tsaye a gona da sungumi, ba abin zubawa a rami.

"Sai aka yi yaya, Iya?"

"Sai aka yi yunwa mana. Tashi ka ba ni wuri."

Na girma na zama malami a Batsari, aka damƙa mini makullin ɗakin karatu. Suna ne babba, amma kabad biyu ne, kuma gara ta fi ɗalibai zuwa. Duk da haka yara na aro, su dawo da littafi da tabon miya. Da aka kawo mana kwamfutoci da sola, aka ce littattafan duniya kaf suna ciki, ni na fi kowa zaƙewa. Na yi jawabi har hulata ta faɗi. Da hannuna na kwashe tsofaffin littattafan na ba mai ƙosai ta bakin ƙofa, don a sami wurin tebura.

Sai daji ya ɓaci. Aka kashe layukan waya saboda ɓarayi, aka rufe makaranta, mutanen Ruma da suka gudo suka shimfiɗa tabarmi a azuzuwa. Batir ya mutu. Kwamfutocin na nan lulluɓe da zani, ko atishawa ba sa yi.

Lokacin ne 'yata Hafsa ta fara kama karatu, kuma ba abin karantawa a gidanmu sai rubutun buhun taki. Ina kallo baƙaƙen suna zube mata ɗaya-ɗaya. Ran nan na sayo ƙosai wurin matar bakin ƙofar makaranta, Hafsa ta warware takardar, ta goge man, ta zauna tana haɗa kalmomi da yatsa. A gefen shafin na hango hatimin ɗakin karatunmu. Ni na buga shi. Labarin wata yarinya ne mai neman tunkiyarta, ya yanke a tsakiyar magana.

"Baba, ina sauran?"

Na lalubi abin dariya, ni da ban taɓa rasawa ba, ban samu ba. A da ina jin haushin Iya don ba ta sa wata tsohuwa ta ɓoye ko tulu ɗaya a tatsuniyar irin nan ba. Ashe ta san mu.

Na ce, "Gobe ma a wurin matar nan za mu sayi ƙosai, uwata. Ko a dace."