Ganga a Ƙarƙashin Kujera

Usta Darwish ba ya shiga motar kowa da takalmi. Yakan cire su a bakin ƙofar motar, ya jera su, sannan ya shiga. Tun da na fara aikin akawu a garejinmu na Shuwaikh nake ganin haka, har na daina mamaki.

Mutumin Bushehr ne, wani gari na bakin teku a Iran. Ya tsallako Kuwait yana saurayi, ya fara da gyaran rediyo a wani lungu, daga baya ya koma wayarin mota. Yanzu kansa ya yi fari, kuma aiki ɗaya aka san shi da shi: sa wa tsofaffin motocin Amurka kayan sauti na zamani ba tare da ya huda su ba. Inda maƙeran motar suka bar rami, nan yake bi da wayarsa. Inda ba su bari ba, sai ya zagaya. Ni nake rubuta abin da aka sa wa kowace mota da abin da aka cire mata, ban kuwa taɓa rubuta cewa ya yanke wani abu ba.

Wata safiya a lokacin sanyi wata jar Kamaro ƙirar 1969 ta shigo. Tun tana bakin titi kofunan shayi suka fara rawa a kan teburina. Mai ita, Hajji Bu Mishari, tsoho ne dogo, shi ke tuƙi, babban ɗansa Mishari na gefensa.

Mishari ya ja mu gefe ya yi mana bayani. Mahaifinsa na cikin masu tafi a waƙoƙin teku tun yana matashi, irin tafin nan da wasu ke bugawa wasu su cike tsakani. Kunnensa ya yi nauyi. A wani taro sai tafinsa ya faɗo shi kaɗai bayan kowa ya yi shiru. Ba wanda ya yi dariya, amma tun ranar bai sake taka diwaniya, wato zauren da abokansa ke taruwa, ba.

"Motar nan kaɗai ta rage masa," in ji Mishari. "Usta, ka sa masa abin da zai ji gangar waƙoƙin nan, ko da gilashi zai fashe."

Tsohon ya leƙo ta taga. "Kai, ɗan Bushehr! Ka huda min ita, in huda maka kunne."

"Haba Hajji, nawa ai yana aiki, asara za a yi," in ji Usta.

"Me ya ce?"

"Ya ce to, Baba."

"Ƙarya kake. Bakinsa ya daɗe yana motsi."

Usta ya yi aikin yadda ya saba. Sababbin lasifikoki suka shiga gurbin tsofaffi. Na'urar ƙara sauti ta ɓuya a but, bayan tayar safaya. Tsohon rediyon ya zauna a inda yake, sai dai yanzu in ka murɗa shi, sababbin kayan ne ke amsawa. Wanda ya leƙa motar ba zai ce an taɓa ta ba.

Ranar gwaji aka saka waƙar teku, aka ƙure murya. Ina cikin ofis amma sai da na dafe takardu. Bu Mishari ya zauna, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Hayaniya ce," ya ce. "Kamar ana zuba tsakuwa a kan rufin kwano. Ku kwashe kayanku."

Mishari ya sunkuyar da kai. Usta bai yi gardama ba. Ya roƙi tsohon ya zagaya da shi unguwa sau ɗaya kawai, rediyo a kashe. Da suka dawo ya shigo ofis ba takalmi, ya manta su a waje.

"Ustaz Abdussattar, mutumin nan yana ji," ya ce min. "Mun tsaya a wutar danja, hannunsa na kan giya, yatsunsa na bin bugun injin daidai. Ta ƙashi yake ji."

Ya sa na yi masa odar wani ƙarfe mai kama da ƙaramin kwano, mai nauyi, wanda ba ya fitar da ƙara, girgiza kawai yake yi. Ya ƙera masa faranti, ya ɗaure shi a ƙarƙashin kujerar direba da notikan kujerar kanta. Sannan ya tace sautin yadda babbar ganga kaɗai za ta riƙa zuwa wurin. Wahalar ita ce injin, don shi ma gangar kansa yake kaɗawa. Sai Usta ya toshe kunnuwansa da auduga, ya naɗe kansa da mayafi, ya zauna a kujerar, inji na aiki, idonsa a rufe, yana murɗawa kaɗan-kaɗan. Kwana da kwanaki haka. Makanikai na wucewa suna tambayarsa ko haƙori ne ke ciwo, ba ya ma jin su.

Bu Mishari ya dawo yana mita, wai an riƙe masa mota a banza. Ya shiga, ya tayar da inji, ya kama sitiyari. Usta ya miƙa hannu ya murɗa tsohon rediyon, ƙasa-ƙasa, har muna jin makanikai na hira a bayanmu.

Gangar ta buga. Tsohon ya zabura, ya waiwaya kamar wani ya taɓa masa baya. Ta sake bugawa. Na ga ya jingina sosai da kujerar. Hannuwansa suka saki sitiyari, suka tsaya a iska suna jira.

Sai ya tafa.

Ban taɓa jin tafi irin wannan ba, mai kauri, kamar an fasa busasshen katako, kuma ya faɗa kan gangar daidai. Ya sake, ya sake. Mishari ya cike masa tsakani, hawaye na bin gemunsa. Usta ma ya shiga, da ma tekun nasu ɗaya ne. Duk garejin aka ajiye sifana. Na tsinci kaina a tsaye a ƙofar ofis, tsigar jikina na tashi.

Da waƙar ta ƙare, tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Mishari, yau wace rana?"

"Litinin, Baba! Ranar taronku!"

"To ka kira abokan nawa, su Bu Sagar, ka ce su fito da shimfiɗa waje. Mota ba ta shiga diwaniya." Ya juya ga Usta. "Kai kuma sa takalminka, da kai za a je. Tafinka ya lalace, amma zan gyara maka."