Wasiƙun Baba a Hannun Mai Ƙosai

Ina tankaɗe a tsakar gida, littafina kife a gefen tabarma, maigidana ya shigo ko sallama babu. Ya ce, "Hafsatu, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina ne, kuma duk gidan nan na Tudun Wada shi kaɗai ke tambayata inda labarin da nake karantawa ya kwana.

Baba ya yi aikin tattara tsirrai da ƙwari a Samaru har ya yi ritaya. Tun daga nan yake musayar wasiƙa da abokin aikinsa, Malam Yohanna, ɗan Wusasa da ya koma Jos, kuma kowace sai ya ajiye kwafinta. Da idonsa ya raunana na zama hannunsa. Nakan zauna a bakin ƙofa saboda kunya, yana faɗa ina rubutawa: "Shamuwa ta sauka a rimin bayan masallaci ranar Talata, ta riga ta bara da kwana shida. Gwiwata ta hana ni sallah a tsaye. Gaida Maman Rahila."

Yana da wani tsohon littafi na wasiƙun wani Bature masanin halittu na ƙarni na sha tara. Yakan ɗaga shi ya ce, "Dubi wannan, 'yar littafi. A layi ɗaya yana tambayar labarin buzuzu, a na biyu yana kukan ciwon ciki. 'Ya'yansa ba su zubar ba, ga shi har Zariya." Yakan kuma ce, "Abin da aka gani ba a rubuta ba, ba a gani ba."

Bayan sadakar bakwai, Yaya Sani, babban ɗansa, ya shiga share ɗakin. Duk takarda mai rubutun Larabci ya ɗauke ta da hannu biyu ya sa a akwati, har da lakabin wani kwalin dabino. Duk mai rubutun boko ya cusa a buhu, ya bai wa Inna mai ƙosai ta bakin titi. Ba wanda ya gaya min. Da safe aka sayo mana ƙosai, na warware, sai ga rubutun hannuna, mai ya jiƙa "shamuwa".

Na sami Yaya Sani a zaure. Na ce, "Yaya, wasiƙun Baba ne fa!"

Ya ce, "To, amarya, aya ce a ciki? Lissafin tsuntsaye ne. Ko kin zaci littafin soyayya ne?"

Kowace wasiƙar Baba da sunan Allah take farawa. Yaya Sani ya girmama kwalin dabino, ya bari aka naɗe ƙosai da abin da idon mahaifinsa ya gani. Wallahi har yau ban huce ba.

Na saka hijabi na je wurin Inna da kaina. Ta ce, "Ayya 'yar nan, da kin zo jiya." Wasiƙa goma sha ɗaya na samu daga buhu guda.

Shekaranjiya shamuwa ta sauka a rimin. Na ɗauko biro na rubuta wa Malam Yohanna ranar da ta sauka, na ajiye kwafi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri, Ya ba ni ikon yafe wa Yaya Sani. Amin.