Buhun duwatsun Malam

Falonmu na unguwar Bukit Jalil, a nan ƙasar Malayawa, bai taɓa zama falo ba, ma'ajiyar duwatsu ce. Maigidana yana digirin digirgir ne a kan dutsen ƙyastu, wanda mutanen zamanin da suke fasawa su yi wuƙa ko su kunna wuta da shi. Shi wannan dutse ba ya zama shi kaɗai. A cikin tsaunukan farar ƙasa ake samunsa, irin wadda ake siminti da ita, dunƙule-dunƙule kamar curin dawo. Aikin Malam shi ne ya ɗauki ɗaya ya faɗi tsaunin da ya fito. Ni kuwa aikina shi ne in yi tuntuɓe da su in yi mita. Na sha ce masa mazan mutane na kawo wa matansu atamfa daga kasuwar Masjid India, ni nawa tsakuwa yake kawo mini.

Tafiyarsa ta ƙarshe arewacin ƙasar ya yi, Perlis da Kedah da tsibirin Langkawi. Yana can ya ji za a sake rufe hanyoyi saboda korona, sai ya juye duk abin da ya tono cikin buhu guda ya kamo hanya. Da na ce ai ya cakuɗa su, dariya ya yi ya nuna kansa, wai kowane dutse yana nan a ciki. Ya ce zai ware su idan ya huta. Bai huta ba zazzaɓi ya kama shi, sannan tari. Wasu mutane cikin fararen kaya, ko idonsu ban gani sosai ba, suka zo suka tafi da shi asibiti. Ni aka ɗaura mini abin hannu ruwan hoda, alamar an killace ni, aka ce ko bakin lif kada in je.

Kwana kaɗan da kwantar da shi ya kira ni ta bidiyo, robar iska a hancinsa.

"Hajiyata, jawo buhun nan. Za mu yi sorting."

"Malam, kana cikin wannan hali kana zancen duwatsu?"

"Please lah. Kwali uku za ki samo, kowane wuri da nasa."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na jawo. Haka muka fara. In wanke dutse, in ɗiga masa ruwan lemon tsami. Idan ya yi 'yar kumfa, farar ƙasa ce zalla, a ajiye gefe. Idan bai yi ba, in karta shi da wuƙar kicin, na gaske ba ya karɓar zane. Daga nan in kai bakinsa mai kaifi jikin taga in ga ko haske na ratsawa, in juya masa ɓawon, in nuna masa inda ya fashe, mai santsi kamar gindin fasasshiyar kwalba. Shi kuma ya ƙura ido ya ce baƙin nan mai siririn ɓawo na kwali na ɗaya ne, mai ruwan toka da ɗigo-ɗigo na biyu. A idona dai duk toka-toka ne. Wayar ma ba ta taimaka, takan mai da baƙi ruwan ƙasa, sai ya ce in sake jiƙa shi in matsa kusa da haske.

Da farko umarni kawai yake bayarwa. Daga baya na lura ya koma yi mini bayani: dalilin da ya sa na wancan tsaunin ke da jijiya fara, yadda zan gane na tsibirin ko ba ya nan. Ko ba ya nan. Kalma uku yake yi ya tsaya neman numfashi, amma sai ya sa na maimaita abin da ya faɗa. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na gane mutumin nan sallama yake yi da ni, duwatsun kawai ya samu ya fake da su.

Na ture buhun da ƙafa.

"Wallahi ba zan ƙara taɓa ko ɗaya ba. Ka dawo ka ƙarasa kayanka. Ni ba ɗalibarka ba ce."

"Saura kaɗan fa."

"Su jira ka."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. A wautata gani nake muddin aikin bai ƙare ba, dole ya dawo. Ba ni da wata dabara da ta wuce wannan. Ba na iya kai masa ko ruwan zafi, abincin da nake ci ma maƙwabciyata ce ke rataye mini shi a ƙofa.

Washegari wata nas ta ɗaga wayarsa ta ce an mai da shi ɗakin masu tsanani, ba ya iya magana. Bai sake yi ba. An binne shi a nan, ban ga fuskarsa ba, hoton kabarin kawai wani abokin karatunsa ya turo mini.

Da aka sassauta doka, farfesan da ke duba aikinsa, wata dattijuwa Bamalayiya, ta zo karɓar duwatsun, don wani ɗalibi ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta duba kwalayen uku tana gyaɗa kai. Sai ta buɗe buhun, ta ɗauko wani baƙi mai sheƙi, ta kai shi jikin taga ta jima tana juya shi. Ta ce ba ta taɓa ganin irinsa a yankin nan ba, ta tambaye ni ko ya faɗa mini inda ya samo shi.

Na ce mata yana shirin faɗa mini, ni ce na hana shi.